An sauya min kwatangwalo: zan iya komawa zamiyar ƙanƙara, keke da hawan doki?

Baban_Nana_Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar wanda ya taɓa shiga wannan hali ko ya yi jinyar wani. A watan Yuni aka yi min aikin sauya kwatangwalon dama a Tunis, bayan guringuntsin gaɓar ya cinye har ta kai ko safa ba na iya sawa da kaina. Alhamdu lillahi yanzu na ajiye sanda, ina zagaya unguwa bayan sallar asuba babu ɗingishi. Shekaruna 57.

To ga abin da ke tafe da ni. Tun ina ɗalibi a Grenoble ta Faransa na koyi ski, zamiyar nan da ake yi kan dusar ƙanƙara daga saman dutse, kuma ban taɓa zuwa garin da hunturu ban hau dutsen Chamrousse ba sai da ciwon nan ya kama ni. 'Yata tana aure a can, ta ce in zo a Fabrairu, ni kuma raina ya biya. Ban da wannan akwai kekena da nake fita da shi hanyar Pitowa, da hawan tsaunin Tingilin, da doki ranar salla. Likitan da ya yi aikin cewa kawai ya yi "a bi a hankali". Akwai wanda ya koma wasa bayan irin wannan aiki?

Dan_Yelwa:
Wa alaikumus salam. Alhaji Allah ya ƙara sauƙi. Amma tsakani da Allah, mutum ya sha wannan jinya, ya kashe miliyoyin sefa, Allah ya tashi kafaɗunsa, sannan ya sayi tikiti da kuɗinsa ya tafi neman faɗuwa a kan ƙanƙarar Turawa? Ka zauna ka ci tuwonka ka yi wasa da jikoki.

Hajiya_Kakatare:
Ni ma bakina ɗaya da Dan_Yelwa. Maigidana an yi masa na hagu, tun daga nan masallaci da kasuwa kawai yake zuwa, kuma lafiya lau muke zaune.

Kine_Domayo:
Hajiya, a gafarce ni, zan ɗan saɓa muku. Aikina ke nan, gashin ƙashi da koyar da motsa jiki, kuma abin da ya fi ba ni wahala a Marwa shi ne masu zama, ba masu motsi ba. Mutum ya dawo daga aiki, 'yan gida su hana shi ko ɗaukar buta, bayan shekara tsokar ɗuwawu da ta cinya sun narke, ya koma ɗingishi, a ce aikin ne bai yi kyau ba. Ƙarfen nan ba shi yake riƙe kansa ba, tsokar da ke kewaye da shi ce take riƙe shi.

Alhaji, kafin a zo maganar ski ina da tambayoyi. Ta baya aka yanka ko ta gaba? Da siminti aka kafa ƙarfen ko irin wanda ƙashi ke tsirowa ya kama shi ne? Kuma za ka iya tsayawa kan ƙafar da aka yi wa aikin ita kaɗai na rabin minti ba tare da ƙugunka ya karkata ba?

Baban_Nana_Garwa:
Ta baya ne, Malam. Babu siminti. A takardar an rubuta kan gaɓar na tangaram ne, makwancinsa kuma roba. Tsayuwar yanzu na gwada a falo, ina kaiwa, amma ina ɗan layi wajen ƙarshe.

Dan_Yelwa:
Kun ji ko? A falo ma layi yake, ina ga kan dutse.

Dokta_Farcha:
Salamu alaikum daga Njamena. Baba, zan faɗi abin da aka sani, amma hukunci na wanda ya buɗe ka ne, shi ya ga ƙarfin ƙashinka da idonsa.

Irin naka marar siminti yana ɗaukar kimanin mako 6 zuwa 12 kafin ƙashi ya kama shi sosai, kuma a watanni ukun farko ne gocewar gaɓa ta fi faruwa, musamman ga wanda aka yanka ta baya. Ka wuce wannan. Daga Yuni zuwa Fabrairu wata takwas ne, kuma likitoci da dama suna barin wanda ya riga ya iya ski ya koma bayan wata shida, a gangara mai sauƙi. Wanda bai taɓa yi ba ne ake ce masa kada ya fara koyo da gaɓar ƙarfe, domin ɗan koyo faɗuwa ce sana'arsa.

An taɓa bin diddigin wannan a Suwizalan, aka wallafa a 2000. Mutum 50 masu ski bayan aikin, da wasu 50 da ba sa yi, aka bi su shekara 5 zuwa 10. Ƙarfen masu ski bai fi na sauran saurin kwancewa ba, amma robarsu ta fi cinyewa. Sai dai tsohuwar roba ce, wadda ake sawa tun daga ƙarshen shekarun 1990 ta fi ta jure gogayya nesa ba kusa ba.

Abin da nake tsoro ba cinyewar roba ba ne. Faɗuwa ce mai ƙarfi da za ta fasa ƙashin cinya a kewayen ƙarfen. Wannan karaya ba irin wadda ake sa wa filasta a koma gida ba ce, wani babban aikin ne, sau da yawa ya fi na farko wuya.

Maman_Ikram:
Dokta don Allah, ƙarfen ba zai daskare a cikin sanyin ba? Ƙanwar mahaifiyata tana cewa nata yana mata sanyi da hunturu, da zafin Afrilu kuma yana ƙona ta.

Dokta_Farcha:
Hajiya, ƙarfen yana can cikin tsoka, zafinsa zafin jini ne ko a Garwa ko a kan dutsen Faransa. Tsamin jiki da sanyi gaskiya ne, mutane da yawa suna jinsa a tabon da tsokar wurin, amma ba ƙarfen ne ya daskare ba. In kuwa wurin yana zafi a taɓa, ya yi ja, ko da zazzaɓi ko ruwa na fita, ku kai ta asibiti ranar, kada a jira. Ƙwayar cuta in ta zauna kan ƙarfe ba ta jin ƙwayar magani cikin sauƙi.

Coton_Har_Abada:
Ni dai na ce a bar Alhaji ya more. Andy Murray ɗan wasan tanis ba ƙarfe ne a ƙugunsa ba? Kuma ya dawo ya ci kofi. Ga baturiyar nan ta Amurka, Lindsey Vonn, ita ma an sauya mata ƙugu ta koma gasar ski ta duniya.

Malam_Dang:
Coton, gyara kaɗan. Ta Vonn gwiwa ce, wani sashe na gwiwar aka sauya mata a Afrilun 2024, ta dawo gasa a Disambar shekarar. Murray kuwa gaskiya ne, a Janairun 2019 aka yi masa a Landan, kuma ya ci gasar Antwerp a Oktoba. Amma nasa ba irin na Alhaji ba ne. Ba a cire masa kan ƙashin ba, fere shi aka yi aka kifa masa hular ƙarfe, aikin da aka fi yi wa maza masu ƙuruciya da ƙashi mai ƙarfi. Shekarunsa 31 a lokacin, da rundunar masu kula da shi dare da rana.

Coton_Har_Abada:
Na karɓi gyara Malam. Amma dai ya nuna abin ba haramun ba ne.

Sarkin_Zagi:
Kowa ya tsaya kan ƙanƙara an manta doki. Alhaji, ni na hau bayan aikina, kuma zan gaya maka inda gizo ke saƙar: ba zaman sirdi ba ne, hawa da sauka ne. Ka sa ƙafar hagu a likkafa ka wurga ta dama ta bayan doki, nan ne za ka ji kamar gaɓar za ta fita. Sai na sa aka gina min ɗan dakali a bakin barga, daga kai nake hawa. Na kuma sauke likkafa ƙasa kaɗan don kada gwiwa ta ɗago da yawa. Ƙilisa da yamma ina yi. Amma hawan salla a ƙofar Lamiɗo, inda ake harba bindiga dawakai na zabura, yara na sukuwa ta ko'ina, na bar wa 'ya'yana. Dokin da ka sani shekara goma ma ranar nan ba naka ba ne.

Baban_Nana_Garwa:
Ranka ya daɗe, wannan dabarar dakali ta shige ni. Nawa dokin tsoho ne mai sanyin hali, amma maganarka ta ranar salla gaskiya ce.

Kine_Domayo:
Ina so in dawo da mu kan wani abu da Dan_Yelwa da Hajiya suka ɗauka cewa zaman gida shi ne tsira. Waɗanda suka dawo hannuna da gocewar gaɓa, ba wanda ya samo ta a filin wasa. Masan tsugunno ne, da tashi daga tabarma, da santsin bayi, da faɗuwa daga kan moto. Alhaji yana tambayar ski da zai yi na 'yan kwanaki, amma ban ji wanda ya tambaye shi ko yana hawa bayan ɗan moto zuwa babbar kasuwa ba. Ramukan hanyoyinmu da damina sun fi gangarar da inji ya share ya daidaita haɗari.

Ga wanda aka yanka ta baya, abin gudu shi ne haɗuwar abu uku: cinya ta naɗo sosai zuwa ciki, gwiwa ta karkata ciki, ƙafa ta haye ɗaya. Duk wanda zai yi aikin nan ya fara gyara bayinsa kafin ya sayi tikitin jirgi. Masai na zama, maƙalin hannu a bango, kujera mai tsayi a falo.

Abu_Sumayya:
Tunda an zo nan, yaya salla? Mahaifina ya ƙi yarda da kujera, wai shi ba gurgu ba ne, sati uku da aiki yana son ya yi sujada a ƙasa.

Alaramma_Kuseri:
Ka gaya wa Baba addini bai ɗora masa wannan ba. Hadisin Imrana ɗan Husaini yana cikin Buhari: ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Ya zauna kan kujera ya yi nuni, ladansa na nan. Cutar da kai ba ibada ba ce.

Kine_Domayo:
Allah ya saka, Alaramma. Da yawa suna komawa sujada a ƙasa bayan wata uku ko fiye, in likita ya yarda, kuma akwai yadda ake sauka: ƙafar aikin ta fara zamewa baya, hannu ya dafa, gwiwoyi a ɗan buɗe. Zaman tahiyar ƙarshe, inda ake karkata kan ɗuwawun hagu, shi ne ya fi jinkiri. Abu_Sumayya, sati uku ya yi wuri ƙwarai, ku lallashe shi.

Zainabu_SS:
Ni tawa daban ce. Shekaruna 28, sikila ce ta kashe min kan ƙashin, aka sauya min a Indiya. Ina karanta ku ina dariya, domin ni ko kyauta aka ba ni tikitin dutsen ƙanƙara ba zan je ba, sanyi da ƙarancin iska a sama su ne masu tayar min da ciwo. Abin da na koma shi ne iyo a kwamin wanka na otal da keken motsa jiki na ɗaki. Abin da ke hana ni barci shi ne lissafi: Baba yana da 57, wataƙila nasa ya kai shi. Ni fa? Sau nawa za a sake buɗe ni?

Dokta_Farcha:
Ƙanwata, tambayarki ita ce ta gaskiya. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta fitar a 2019 ya nuna cikin ɗari, kusan 89 suna kaiwa shekara 15, 70 suna kaiwa 20, 58 suna kaiwa 25. A cikin lissafin akwai tsofaffin samfura, don haka ana sa ran na yanzu su fi haka. Amma mai ƙuruciya ya fi tsoho aiki da gaɓarsa, shi ya sa ke za ki fi Baba tsantseni. Iyo da keke da kika zaɓa su ne daidai.

Ga ma'auni da zai amfani kowa. A Jamus an taɓa dasa wa wasu marasa lafiya gaɓa mai na'urar awo a ciki. Tafiya ta yau da kullum tana ɗora wa kwatangwalo kimanin ninki biyu da rabi na nauyin jiki, sassarfa kusan ninki biyar, tuntuɓe kuwa ya haura ninki bakwai. Wato tuntuɓe ɗaya ya fi gudu nauyi. Shi ya sa layin da Baba ya ce yana yi a falo ya fi damuna a kan sunan wasan.

Maman_Ikram:
Allah ya ba ki lafiya Zainabu. Kuma 'yan'uwa mata a ji tsoron Allah a bar shan ƙwayoyin ƙiba, sha-ka-fashe ɗin nan. Wata maƙwabciyarmu ba sikila gare ta ba, ba faɗuwa ta yi ba, likita ya ce su suka kashe mata ƙashin ƙugu duka biyun.

Dokta_Farcha:
Haka ne, da yawansu dexamethasone ne ko danginsa, kuma daɗewa ana sha yana toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin. Giya mai yawa ma tana yi.

Dan_Yelwa:
To Dokta da kansa ya ce in ya faɗi ƙashin zai fashe. Ni tambayata ɗaya: in abin ya faru wa zai biya? Kuma ba kowane asibiti ne a arewa ke da kayan sake irin wannan aiki ba, sai an kwashi mutum zuwa Yawunde ko Duwala ko waje.

Bappa_Lyon:
Dan_Yelwa, a nan ka ba da ni dariya, domin hujjarka ta juya kanka. In dai faɗuwa ce, gara a Chamrousse da a Tingilin. A can akwai masu ceto a kan gangarar, za su sauko da shi a kan jirgin ja, kuma babban asibitin Grenoble aikinsu ke nan duk hunturu. A Tingilin wa zai sauko da shi? Yara biyu da moto.

Maganar kuɗi kuwa ka yi gaskiya. Alhaji, inshorar da ake nema don bizar Schengen ta Yuro 30,000 ce, amma ka karanta ƙananan rubutun, da yawa ba sa ɗaukar wasannin ƙanƙara ko ciwon da ka zo da shi. Ceto daga kan dutse ma kuɗi ne, ana sayar da inshorarsa tare da tikitin hawa, kada ka yi ƙyashin 'yan Yuron nan.

Ni ina zaune a nan, kuma na ga dattawa 'yan saba'in da ƙarfe a ƙugu suna zamiya. Ga yadda suke yi: kore da shuɗin layi kawai, wato gangara masu sauƙi, ja da baƙi masu wuya sun yafe. Ba sa zuwa inda ƙanƙara ta yi tudu-tudu ko ta daskare ta zama gilashi. Suna gaya wa mai ba da hayar kaya ya sassauta maƙalin takalmi don ya saki da wuri in an faɗi, su ɗauki ski gajere. Suna fita da safe su sauka kafin ƙafa ta gaji. Kuma ka duba kalanda: Fabrairu hutun 'yan makaranta ne a Faransa, gangara cike take da yara masu gudu ba birki. Ba kai za ka faɗi ba, wani ne zai kwashe ka. In za ka iya, ka matsa zuwa tsakiyar Maris ko ka zo a Janairu. In ka ga jiki bai ba ka ba, akwai ski na fili a Vercors kusa da Grenoble, tafiya ce kawai da zamiya, ko takalmin taka dusa.

Malam_Dang:
Ni ban san ƙanƙara ba, amma na san dutse. Hawan Dutsen Ngaundere na koma yi da sanduna biyu na masu yawon daji, kuma hawa bai taɓa damuna ba, saukowa ce, musamman da rani da tsakuwa ke gangarawa ƙarƙashin takalmi. Alhaji ka bar silifa da kufta, ka nemi takalmi mai haƙora. Keke kuma ka ɗaga sirdinsa sama yadda gwiwa ba za ta wuce ƙugu ba, in kana da mai ƙaramin gindi irin na mata ka fara da shi, ba abin kunya ba ne.

Mai_Kifi_Lagdo:
Tunda an ce iyo na da kyau, ya zo Lagdo mu ba shi ruwa kyauta.

Kine_Domayo:
Da tsargiya da dorina? A'a, mun gode.

Hajiya_Kakatare:
Na nuna wa Alhajina wannan hira, ya ce in tambayi Malam Kine ko shekara biyu bayan aiki ya makara ya fara motsa jikin. Ni dai har yanzu ban yarda da ƙanƙarar nan ba. Kuma duk wanda Allah ya jarrabce shi da gocewa, don Allah kada a kai shi wurin mai ɗori. Mun ga wanda aka ja masa ƙafa a gida, abin bai yi kyau ba.

Kine_Domayo:
Bai makara ba Hajiya, tsoka tana amsawa ko a wane shekaru. Ya fara da tashi da zama daga kujera ba dafawa, da ɗaga ƙafa gefe yana riƙe da bango. Maganar mai ɗori kuma ki ƙara faɗa da ƙarfi, gaɓar ƙarfe a asibiti ake mayar da ita, da allurar barci da hoto.

Alhaji, kai kuma ga sharaɗina in da a hannuna kake. Tsayuwa kan ƙafa ɗaya rabin minti babu layi, ido a buɗe, sannan a kan katifa. Sauka daga matakala a hankali da ƙafar dama ba tare da gwiwa ta faɗa ciki ba. Keke na awa ɗaya ba ciwo washegari. Ka yi sabon hoto ka tura wa likitanka, ka yi masa tambayar kai tsaye: ski a shuɗin layi, eh ko a'a. "A hankali" ba amsa ba ce.

Baban_Nana_Garwa:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Gobe zan je a ɗauki hoton. Na yi wa Nana magana kan mayar da tafiyar Maris, ta ce za ta duba hutun mijinta. Keke zan fara wannan makon tun da sanyin safiya. Bappa_Lyon, zan neme ka ta akwatin sirri kan inshorar.

Dan_Yelwa:
Ni dai ban canza ba. Ka je ka ga jikoki, ka sha shayi a gindin dutsen, ka ɗauko mana hoto.

Bappa_Lyon:
Abu ɗaya na manta: jirgi. Zaman awa shida ba motsi ba ya yi wa jini kyau, ka nemi kujerar gefen hanya ka riƙa tashi. Ƙofar binciken filin jirgi kuma za ta iya yin ƙara, ka faɗa musu tun kafin ka shiga.

Gola_Na_Veterans:
Salam, yanzu na shigo na karanta daga sama. Ni nawa aikin watan gobe ne. Ƙwallon tsofaffi muke bugawa duk Lahadi kusa da Rumde Ajiya, kuma ni gola ne, ba na gudu sosai. Wannan ma sai na bari?

Dokta_Farcha:
Gola da ke shirgewa ƙasa a kan ƙugunsa? Yaya, ka karɓi usur ka zama alƙalin wasa. Ta ina likitanka ya ce zai yanka?